Yaranmu da salula: wa za su faɗa wa idan abu ya yi zafi?

Wajen ƙarfe biyu na dare ne, a tsakiyar zafin watan Afrilu, wuta ta ɗauke mana a nan Maraɗi. Na fito tsakar gida in sha ruwan randa, sai na hango wani ɗan haske a cikin gidan sauron ƴar yayana. Ta lulluɓa da zane har kai a cikin wannan zafi, salula a hannu, kafaɗunta na rawa. Da ta ji motsina sai hasken ya mutu. Na ce, "Ke, ba ki yi barci ba?" Ta ce, "Yanzu zan yi, Gwaggo." Na koma ɗaki ina ta faɗa a zuci, ina cewa gobe sai na raba ta da wannan salula.

Zan sakaya sunanta. Shekarunta 15 a lokacin, tana ajin ƙarshe na kwalej, shekarar jarabawar BEPC. Mahaifinta, wato yayana, ya kawo ta wurina daga ƙauyenmu na wajen Tasawa tun tana ajin farko, don ta samu karatu. Yarinya ce mai surutu da tsokana, wadda in ta dawo daga lakwal sai kowa ya san ta dawo. Amma kusan mako uku kafin wannan dare ta zama wata daban. Ba ta cin abin kirki, tana yawan cewa kanta na ciwo, makinta ya yi ƙasa, kuma ko aike aka yi mata sai ta nemi dalilin da zai hana ta fita. Ni kuma da na haɗa lissafina, sai na ɗora laifin duka a kan salula.

Washegari na ƙwace ta, na kulle a akwati. Na ji daɗi a raina, ina ganin na yi abin da ya dace uwa ta yi. Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu.

Shiru ya ƙaru

Na zaci bayan kwana biyu ko uku za ta warware. Sai ma abin ya ƙara lalacewa. Ta daina magana gaba ɗaya in ban da gaisuwa. Ranar Litinin ta ce ba za ta je lakwal ba, cikinta na ciwo. Ranar Talata ma haka. Na kai ta likita, aka auna, babu zazzaɓin cizon sauro, babu komai. Na kira yayana na faɗa masa. Amsar da ya ba ni ita ta sa jikina ya yi sanyi: "In karatun ya ishe ta, ki maido mini ita. Dama akwai masu tambaya."

Duk wanda ya san ƙasar nan ya san abin da wannan magana ke nufi. Alƙaluman UNICEF sun nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin su kai shekara 18. Akwai dokar da gwamnati ta sa wa hannu a watan Disamban 2017 don kare yarinyar da ke karatu, amma dukanmu mun san in uba ya ce ya gaji, kuma yarinya ta daina zuwa aji da ƙafarta, takarda ba ta cika yin tasiri ba. A wata ƙasa yarinyar da ta shiga damuwa za ta iya rasa zango ɗaya na karatu ta dawo. A wurinmu tana iya rasa karatun baki ɗaya.

Mahaifiyarmu ce ta ceci lamarin. Ta zo daga ƙauye ganin likitan ido, ta sauka a ɗakin yarinyar. Kun san tsakanin kaka da jika. Tun daga ƙofa ta fara: "Ina kishiyar tawa? An ce kin rame, ko maigidan ne ya juya miki baya?" Ba ta tambaye ta komai ba a ranar farko. Ta sa ta tsefe mata kai, ta sa ta dama mata fura, suna ta ƴan zolaye-zolayensu. A dare na biyu na ji kuka daga ɗakin. Da safe Inna ta kira ni gefe ta ce, "Ke da kike da boko, ba ki tambayi yarinyar nan abin da aka yi mata ba?"

Ga abin da ya faru. Ƴan ajinsu suna da gurup na WhatsApp da aka buɗe don tura darussa da tsofaffin tambayoyin jarabawa. Wata rana a wurin biki wata ƴar ajinsu ta ɗauke ta hoto ba ta sani ba, tana cin abinci, gumi ya wanke mata fuska. Sai aka haɗa hoton da wani da ita ta taɓa sawa, wanda ta gyara da abin nan da ke ƙara wa fuska haske, aka tura a gurup. Aka yi ta dariya: baƙa, ƴar ƙauye, mai fuska biyu. Wani yaro ya mayar da fuskarta sitika. Daga gurup ɗin aji abin ya tsallaka zuwa na wasu makarantu. Kuɗin karin kumallon da nake ba ta, dala arba'in kullum, ashe tarawa take yi tana sayen man shafawa na ƙara haske. Daren da na gan ta, tana karanta abin da ake faɗa a kanta ne, tana kuma magana da mutum biyu da suka rage mata: wata ƙawarta da ta tsaya mata a gurup ɗin, da mahaifiyarta a ƙauye, wadda take aika wa saƙon murya ko da ba ta faɗa mata gaskiyar abin ba.

Ke nan da na ƙwace salular, ban tsayar da zagin ba, don yana nan yana yawo a wayoyin wasu. Abin da na yanke shi ne igiyar da take riƙe da ita.

Abin da masu bincike suka gano

Bayan wannan na zauna na karanta abin da aka rubuta kan lamarin, don in san ko ni kaɗai ce na yi irin wannan kuskure. Na tarar su kansu masanan ba bakinsu ɗaya ba.

Akwai masu ganin haɗarin a fili yake. A watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a kan kafofin sada zumunta da lafiyar ƙwaƙwalwar matasa. A ciki ya kawo binciken da ya nuna cewa yaran da ke wuce awa uku a rana a waɗannan kafofi, haɗarin su shiga baƙin ciki mai tsanani da fargaba ya ninka na sauran. Kafin nan, a 2021, wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin. A cikinsu akwai binciken da ya nuna kashi 32 cikin 100 na ƴan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin ba su gamsu da surar jikinsu ba, Instagram na ƙara musu wannan jin. Da na karanta wannan sai na tuna da man shafawar da na tarar a ƙasan jakar ƴata. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ma ya ba da rahoto a 2024 cewa yaran da amfani da kafofin ya zame musu matsala, wato ba sa iya bari ko da yana cutar da su, sun ƙaru daga kashi 7 cikin 100 a 2018 zuwa kashi 11 a 2022.

A ɗaya gefen kuma akwai wasu masana biyu na jami'ar Oxford a Ingila, Amy Orben da Andrew Przybylski. A 2019 sun duba bayanan matasa sama da 350,000 daga Amurka da Birtaniya, suka ce alaƙar da ke tsakanin amfani da na'urori da walwalar matashi akwai ta, amma ƙarama ce ƙwarai, ba ta wuce kashi 0.4 cikin 100 na bambancin da ake gani tsakanin yara ba. Abin da ya fi jan hankalina a aikinsu shi ne abubuwan da suka tarar sun fi salula nauyi: cin zali daga tsara ya fi ta alaƙa da damuwa nesa ba kusa ba, isasshen barci da karin kumallo kuma sun fi ta alaƙa da walwala. Ƴata ta haɗa ukun duka. Ana cin zalinta, ba ta barci, ba ta karyawa. Salula ita ce hanyar da abin ya biyo, amma ni na tsaya ƙirga awannin da take yi a kanta, ban tambayi me ke faruwa a cikin awannin ba.

Waɗannan alƙaluma na yaran Turai da Amurka ne, inda kusan kowane yaro ke da wayarsa. A nan sau da yawa salula ɗaya ce tsakanin uwa da ƴaƴa uku, kuɗin forfe ma kan ƙare kafin dare ya raba. Amma ƙasarmu na cikin waɗanda suka fi kowace yawan yara a duniya, kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 a duniya na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Ba mu da dalilin zaton namu yaran sun tsira, don kawai mu ba mu saba kiran abin da sunansa ba. Mukan ce miskilanci ne, ko iskoki, ko sangarta.

Mutum ɗaya tak

Binciken da ya fi zauna mini a rai ya girmi intanet. Wata masaniyar halayyar yara, Emmy Werner, ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, tun suna jarirai har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku nasu sun taso cikin wahala: talauci, rikicin iyaye, shaye-shaye ko rashin lafiya a gida. Daga cikin waɗannan, kusan kashi ɗaya cikin uku sun girma lafiya lau, suka zama mutanen kirki masu riƙe kansu. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ta gano sun haɗa su shi ne, kowannensu ya samu aƙalla babba guda da ya damu da shi, yake sauraronsa. Ba dole uwa ko uba ba. Wani kaka ce, wani gwaggo, wani malami, wani maƙwabci.

Da na karanta sai na yi dariya, don wannan ai tsarin gidan Bahaushe ne tun fil azal. Mu al'adarmu ta sa kunya tsakanin iyaye da ƴaƴa. Uwa ba ta ko kiran sunan ɗan fari, uba ba ya zama hira da budurwar ƴarsa. Amma al'adar ba ta bar yaro haka nan ba, ta buɗe masa wasu ƙofofi. Akwai kaka da ake wasa da ita, wadda za a faɗa wa abin da ba a iya faɗa wa uwa. Akwai kawu, akwai gwaggo da inna, akwai taubashi. Akwai dandali da dare, inda ƴan mata ke gaɗa, a yi faɗa a shirya a gaban kowa, in abin ya yi yawa wata babba ta tsawatar. Zamanin Seyni Kountché akwai samariya, wadda ko me za a ce game da siyasarta, ta ba matasan unguwa wurin haɗuwa da aikin yi tare.

Yanzu dubi gidana. Ni da maigida da yara, a gidan haya mai ƙofar ƙarfe. Kaka na ƙauye, kawu na Yamai, wani na Agadas, wani ya tafi Libiya. Na fita aiki da safe, in na dawo ga girki, ga gajiya, ga tawa salular. Kunyar nan tana nan daram, ba ta rage ba, amma ƙofofin da aka tanada don su rage mata nauyi sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Kuma mun koya wa yaranmu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sun ji, sun riƙe. To yarinyar da aka yi wa dariya a gaban mutum ɗari, wa za ta faɗa wa? Ni kaina da nake gwaggonta, wadda a ƙa'ida ni ce ƙofar, zaman riƙo ya mayar da ni uwa, na ɗauki kunyar uwa da faɗan uwa na yafa.

Samari da fada

Ƴan maza sun ɗan fi samun sauƙi ta wani ɓangaren, don suna da fada. Tun shekarun 1990 fada ta zama gidan matasa na biyu a biranenmu, har wata masaniya, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019, inda ta nuna cewa zaman shayin nan da manya ke kira zaman banza, wuri ne da matashin da ba shi da aiki ke samun mutunci da ƴan'uwa. A ƙofar gidanmu akwai wata. Na sha ganin sun yi karo-karo sun kai ɗayansu likita, ko sun raka wani gaisuwar mutuwa.

Amma ita ma fadar ta canza. Wani dare za ka wuce ka ga mutum takwas a kan tabarma, shayi na tafasa, ba mai magana, kowa ya sunkuya. Ɗan maƙwabciyata mai shekara 16 a nan ya koyi cacar ƙwallo ta salula, har ya sayar da kekensa. Da uwarsa ta gane, ta yi abin da na yi, ta ƙwace waya. Ya koma yi da ta abokinsa. Wanda ya shawo kansa a ƙarshe wani tela ne a bakin titi, da ya ce ya riƙa zuwa yana taya shi guga bayan lakwal. Babu wa'azi, babu duka. Ya dai samu babban da ke tambayarsa yaya aka ƙare yau, kuma yake jiran amsa.

Doka da gida

Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar doka. Faransa ta hana amfani da salula a makarantun firamare da kwalej tun 2018. Ostireliya ta kafa doka a watan Nuwamban 2024 da ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta, ta fara aiki a Disamban 2025. Mu ma muna da dokar laifukan intanet tun 2019. Ban raina ko ɗaya ba. Kamfanonin nan sun gina kayansu ne yadda yatsa ba zai so tsayawa ba, kuma ba adalci ba ne a bar yarinyar shekara 15 ta yi kokawa da su ita kaɗai. Sai dai babu dokar da za ta zauna a bakin gado ta sa a tsefe mata kai har yarinya ta buɗe baki.

Ga abin da muka yi a gidanmu, ko wani zai amfana. Na fara da ba ta haƙuri, abin da bai zo mini da sauƙi ba. Na ce, "Na yi kuskure da ban tambaye ki ba." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Gwaggo," amma na ga yadda ta sauke numfashi. Na mayar mata da salular. Na je makarantar na samu mushen da ke kula da ajinsu, na nuna masa abin da aka tura. Ya kira yaran da iyayensu, aka rufe gurup ɗin, aka buɗe wani da shi a ciki. Uwar yarinyar da ta ɗauki hoton ta zo har gida, ita ma ba ta san komai ba, kunya kamar ta nutse.

Sannan muka yi yarjejeniya a kan dare. Masana barci sun ce mai shekara 13 zuwa 18 na bukatar awa 8 zuwa 10. Daga ƙarfe goma duk salular gidan a falo take kwana a wurin caji, har da tawa da ta maigida. Wannan sharaɗi na ƙarshe ita ta kawo shi, kuma ta yi gaskiya, don ba ka hana yaro abin da kake yi a gabansa. Karin kumallo kuma a gida ake yi kafin a fita, kuɗi ya koma na abin hawa kawai. Man shafawar, Inna ce ta jefa shi a masai da hannunta, tana cewa ita da baƙinta ta auri mijin da ya fi na kowa a garinsu.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na fi ba muhimmanci. Na gane ba lallai ne ni ce za ta riƙa faɗa wa komai ba, kuma na daina jin haushin haka. Na saya wa Inna ƙaramar salula, aka koya mata danna wurin saƙon murya. Yanzu kusan kullum bayan isha'i sai na ji su, kishiya da kishiya, ana zolaya ana dariya, wani lokaci a rage murya. Ba na tambayar me aka ce. In akwai abin da ya kamata in sani, Inna ta san yadda za ta sanar da ni. Na'urar da aka ci mutuncinta da ita, ita ce ta dawo mata da kakarta daga nisan kilomita sama da ɗari.

Ta zauna jarabawar BEPC, ta samu, ko da yake ba da makin da muka sa rai a farkon shekara ba. Yanzu tana lise. Yayana bai sake tayar da maganar masu tambaya ba, ni ma ban tuna masa ba. Sitikar nan na san tana nan a wayoyin wasu, ba mai iya goge ta, kuma har yau yarinyar ba ta son a ɗauke ta hoto a wurin biki.

Ga iyaye ƴan'uwana, kafin ku kai hannu ga salular yaro, ku zauna ku lissafa: in wani abu ya same shi yau da dare, wane babba ne zai iya tunkara ba tare da tsoron duka ko tonon asiri ba? In kun samu suna ko da ɗaya ne, ku ƙarfafa wannan zumunci, ku sa musu kuɗin kira in ta kama. In kun lissafa ba ku samu kowa ba, to daga nan aikin zai fara. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauraronsu.